Kwandon Kifin Da Ba Mu Kai Ba

Kakana daga Kano ya biyo jirgin ƙasa ya zauna a Nguru, ni kuma na gaji fataucin bandar kifi. Sana'ar ta kai ni Yamai da Injamena, har Khartum. Na tsinci Barbarci da Larabcin kasuwa da ɗan Faransanci, a kan Turancin da na koya a firamare. Duk ƙasar da na ga hukuma ta kama mutum, abu ɗaya ke biyo baya: dangi su sunkuyar da kai, su nemi mai roƙa musu.

Mu ma haka muke. Ina da aboki masunci a wani ƙauyen Badawa kusa da Gashua, wanda na shekara ashirin ina sayen kifi a hannunsa. Bakinsa ba linzami. A zamanin soja ya faɗa a cikin kasuwa cewa masu mulki sun bar kogi yana mutuwa, aka ɗauke shi. Dattawan ƙauyen suka yi abin da aka saba: kwandon banda da ƙullin goro, a je a durƙusa a ce yaro ne, ya yi kuskure. Mutum mai furfura fa. Ni ne tafintansu. Sau huɗu muna zuwa. Sai bayan wata biyu ya fito, lokacin kamun kifi ya wuce, kuma sai da aka sa ya dangwala yatsa a takarda cewa ya tuba. Ya daɗe bai kalli idon kowa ba.

'Yan shekaru bayan mulki ya koma hannun farar hula, wani mai hali ya killace tafkin da ƙauyen ke su a ciki tun kaka da kakanni. Masunta suka taru a gindin tsamiya, inda suke zama kowace shekara kafin buɗe ruwa don kamun kifi, abokina ya miƙe ya ce ba su yarda ba. Washegari aka tsare shi.

Kwanansa uku a ciki saƙo ya iske ni a Nguru. Na hau mota da hantsi. Na tarar da yayansa a ƙofar gida, kwando a ɗaure, goro a ƙulle, ni kaɗai ake jira. Na tambaye shi me ƙanensa ya sata, ya ce ba komai. Wa ya doka? Ba kowa.

"To Yaya, haƙurin me za mu bayar?"

"Kai ɗan Kano, ciniki ka saba. Hukuma ba a ciniki da ita."

Na ciro wani ƙaramin littafi daga jakata, kundin tsarin mulki, wanda na saya a bakin titi a Kano don rage tsawon hanya. Na fassara masa abin da na gani a ciki: kowa na da ikon faɗin ra'ayinsa da yin taro cikin lumana, kuma wanda aka kama sai a gaya masa laifinsa, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. Na ce in mun kai kwandon nan, mu da kanmu mun shaida ya yi laifi. Sai ya ce a mayar da kwandon zaure.

Muka shiga ofishin da aka tsare shi, muka yi sallama muna tsaye. Jami'in ya leƙa bayanmu, na san abin da yake nema. Na tambaye shi laifin mutuminmu, da ranar da za a kai shi kotu, na ajiye littafin a kan tebur a buɗe.

"Baba, kai lauya ne?"

"A'a, ɗana, kifi nake sayarwa. Amma ba don lauyoyi kaɗai aka rubuta wannan ba. In lauya kake so, gobe zan zo da shi."

Ya karanta wurin da yatsana ke kai, ya sake karantawa, ya shige ciki. Muka yi azahar a waje. Kafin la'asar sai ga abokina, hularsa a hannu, yatsansa ba tawada.

Abin da ya fara tambaya shi ne ina kwandon. Yayansa ya ce yana gida.

"Madalla. A kai ɗakina, Yaya, yau ni za a ba haƙuri."

Mun ci kifin nan ranar, har maƙwabta. Maganar tafki kuwa ta tafi kotu, ta ja lokaci, amma da ƙafarsa ya riƙa zuwa, shi ne mai ƙara. A taron buɗe ruwa na shekarar, yayan nan da kansa ya kira ni gindin tsamiya ya ce in karanta shafin. Ina faɗa da Hausa, abokina yana mayarwa da Badanci, da ƙarfi, yana kallon idon kowa.