Wasiyyar Ɗangiwa Mai Faci

Duk direban da yake bin hanyar Sakkwato ta Tambuwal ya san rumfar Ɗangiwa, wadda take gefen tasha da tulin tsofaffin tayoyi a gabanta. Asalinsa mutumin Kebbe ne. Ya zo Tambuwal tun yana saurayi ya koyi faci, ya yi aure, ya sayi 'yar gona a hanyar Sanyinna, har furfura ta cika masa gemu bai taɓa yin abin da za a ba da labari ba. Abin da kawai aka san shi da shi shi ne magana. Idan ya kama tayar mutum, sai ya gama ba shi tarihin ƙusar da ta huda ta kafin ya sa hannu.

Wannan gemun ne ya ja hankalin Malam Nasiruddeen, wani malamin firamare da ya daɗe yana mafarkin shirya fim. Kayan aikinsa waya ce mai kyamara mai kyau, da sandar riƙe ta, da wasu 'yan kabu-kabu biyu, Kamilu da Mutawakkil, waɗanda suka yarda su fito kyauta. Labarin na rigimar gado ne: tsoho zai mutu a farkon fim, 'ya'yansa biyu su yi ta faɗa a kan gona. Ya roƙi Ɗangiwa ya zama tsohon. Ya ce aikin ba wuya, zai kwanta a tabarma, ya ce wa 'ya'yan su riƙe zumunci, sannan ya rufe ido.

Ɗangiwa ya yarda. Aka yi ɗaukar a zauren gidansa da hantsi. Da ya kwanta ya ga mutane sun yi shiru suna sauraronsa, abin da bai taɓa samu a rumfa ba, sai ya ji daɗi ya saki baki. Ya faɗi maganar zumunci, ya wuce ta. Ya yafe wa duk direbobin Tambuwal. Ya ambaci matarsa Mu'minatu da sunanta, ya ce a kula da ita. Ya ce jakinsa da ke Kebbe a wurin yayarsa Inno a ba taubashinsa Attahiru. Muryarsa ta yi rauni, hawaye suka zubo masa na gaske, sannan ya saki kai gefe. Kamilu, wanda aka ce ya yi kukan ƙarya, ya yi na gaskiya har da majina.

Malam Nasiruddeen ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya tura wa wani abokinsa hoton bidiyon mutuwar don ya ga irin aikin da ake yi. Abokin ya tura wa mai cajin waya, shi kuma ya zuba wa duk wanda ya kawo caji. Babu suna a jikin hoton, babu abin da ke nuna fim ne. Kafin mako ya zagayo ya isa Kebbe, wata maƙwabciya ta kai wa Inno har ɗaki. Aka kira lambar Ɗangiwa ba ta shiga, domin wayarsa ta faɗa bahon ruwan da yake gwada tiyub a ciki, tana shanye a kan kwanon rumfa.

Washegari motar haya ta tsaya a tashar Tambuwal cike da mutanen Kebbe, da buhun gero da kaji na sadaka. Inno ce ta fara sauka, ido a kumbure. Mutum na farko da ta gani shi ne mamacin, yana durƙushe yana cire taya, yana ba wani direba labari. Ta tsaya ta dube shi sosai. Ta zagaya ta dube shi ta baya. Sannan ta cire takalminta ta fara dukansa da shi a gaban direbobi, tana dukan tana kuka, shi kuma yana kare kai yana tambayar wa ya rasu.

A gida aka zauna, aka aika aka kira Malam Nasiruddeen. Mu'minatu ba ta san an ambaci sunanta ba sai ranar, ta ce ashe shi ya sa mata suke yi mata sannu a bakin famfo. Malam ya yi bayanin fim iya ƙoƙarinsa. Inno ta saurara har ya gama, sannan ta juya ga ƙanenta.

"Ɗangiwa, ni ad da girma. Ni nig goya ka. Ba ka riga ni tafiya, ko da wasa, ko cikin waya."

Ta sa Malam ya goge hoton a gabanta, ta kuma sa Ɗangiwa ya yi alkawarin ba zai ƙara mutuwa a fim ba muddin tana raye. Mutanen Kebbe suka ci kajin sadakar tunda an riga an kawo su, suka koma. Attahiru bai zo ba. An ce tun ranar da ya ga hoton ya je ya kwance jakin. Da aka gaya masa mai jaki yana nan da ransa, ya ce ya yi murna ƙwarai, amma magana ta riga ta fita a gaban shaidu, zai riƙe jakin don su saba da juna kafin lokaci.

Fim ya tsaya cak. Malam Nasiruddeen ya nemi wani tsoho, amma labarin takalmin Inno ya riga ya cika gari, babu dattijon da ya yarda ya kwanta a tabarmar. Ya ce to, a ce tsohon ya yi tafiya mai nisa. Ɗangiwa ya ƙi. Ya ce shi alkawarin rashin mutuwa ya ɗauka, bai ɗauki na barin fim ba, kuma yanzu ne ma ya fara gane kan aikin. Ƙarshe dai Malam ya gyara labarin: tsohon zai yi ciwo ya warke, amma 'ya'yan su ci gaba da rigimar gado, tunda ita ce fim ɗin gaba ɗaya kuma sun riga sun haddace maganganunsu.

Da damina ta sauka aka koma gonar Ɗangiwa don ɗaukar faɗan. Aka zaunar da shi a gindin bishiya, aka ce ya yi shiru kawai. Kamilu da Mutawakkil suka ci kwalar juna, kowa yana cewa gonar ubansa ce shi zai gada. Ɗangiwa ya daure iya daurewa, sannan ya miƙe.

"Ku dakata. Gonar wa kuka rabo, ga ni zaune? In kuna son ta, ga hauya, ciyawa ta cinye gero."

Malam ya buɗe baki zai tsayar, sai ya ga abin ya yi kyau a waya, ya bari. Samarin suka ɗauki hauya suka fara noma suna zagin juna. Aka sake ɗauka saboda wata akuya ta gifta. Aka sake saboda rana ta shiga gajimare. Duk lokacin da aka gama, Ɗangiwa zai ce bai gamsu da yadda ya miƙe ba, a matsa gaba inda haske ya fi kyau. Sai da suka kai ƙarshen gonar Mutawakkil ya waiwaya ya ga babu ciyawa ko ɗaya a bayansu. Ya jefar da hauyar ya hau babur ɗinsa, bai ƙara dawowa ba sai da aka yi ta ba shi haƙuri har bayan girbi. Lokacin ya aske kai ya yi ƙiba, gonar kuma ta zama kara. Malam ya ce ba komai, za a rubuta a ƙasa cewa shekaru sun wuce.

Tace fim ɗin ya fi ɗaukarsa wahala. Wani abokin aikin Malam ya ara masa kwamfuta wadda batirinta ya mutu, wuta kuma ba ta zama. Dole aka kai ta rumfar faci aka jona da janareton injin iska. Duk motar da ta tsaya shan iska sai a cire kwamfuta. Ɗangiwa yana tsaye a kan Malam, duk inda aka yanke maganarsa sai ya gane, ya ce a mayar. Malam ya rame a wannan rani, har hedimasta ya tambaye shi ko lafiya.

An nuna fim ɗin wata Asabar bayan la'asar a gidan kallon ƙwallo da ke bayan kasuwa. Wurin ya cika, domin kowa ya ga hoton mutuwar a wayarsa, kowa yana jiran inda za ta zo. Duk lokacin da tsohon ya yi tari sai a yi tsit a matso gaba, sai ya sha ruwa ya ci gaba da magana. Haka aka yi ta yi har rubutun ƙarshen fim ya hau, tsoho yana zaune yana cin dafaffiyar gyaɗa, 'ya'yansa suna ɗaure dami. Wani direba ya miƙe ya ce an cuce su. Wani dattijo daga Dogon Daji ya ce shi bai taɓa ganin fim mai hankali irin wannan ba, ya nemi a tura masa don ya nuna wa 'ya'yansa.

Tun daga nan iyaye suka riƙa tura wa juna fim ɗin, samari kuma suna gudunsa. Malam Nasiruddeen ya ce na gaba a kan kiwon tattabaru zai yi, ba tsoho ko ɗaya a ciki. Ɗangiwa yana nan a rumfarsa. Ya sayi farar hula ta musamman da yake ajiyewa a leda a saman rumfa, idan baƙon direba ya gane shi ya nemi hoto, sai ya wanke hannu ya sa ta tukuna.