Tambayar da Yaya Ta Jiƙa a Bokiti

A ɗakin wanki na asibitin da yayata take aiki, ba mai kiranta da sunanta na yanka. Sai-ta-fita suke ce mata. In ta ɗaga zanin gado ta ga jini ko magani ya ɓata shi, harararsa take yi ta ce, "Dauɗar nan sai ta fita." Kuma wallahi sai ta fita ɗin, ko da yatsunta za su saluɓe.

Ita ce babbarmu. Tana gab da gama sakandare ciwo ya kwantar da Baba, ta ajiye littattafanta ta kama wanki don mu ƙannenta mu ci gaba da karatu. Ni ne auta, ni na fi kowa cin moriyar hannun nan nata, har na zama malamin Turanci. Ita kuwa shekara da shekaru tana tura keken zannuwa ɗakunan marasa lafiya, tana kallon ma'aikatan jinya, zuciyarta na son aikinsu. Asibitin na da makarantar horar da mataimakan jinya. Yaya ta zauna jarrabawar gama sakandare daga gida, ta cinye komai, Turanci kaɗai ya kayar da ita. Ta sake, ya sake kayar da ita. Makarantar kuma tana da iyakar shekaru, in ta faɗi a wannan karon ƙofa ta rufe ke nan.

Ran nan ta zo ɗakina ta dire jakar takardu a kan tebur.

"Auta, kana ta wa 'ya'yan mutane magani, ga kuturta a gidanku. Zauna ka koya mini."

Muka fara da adon magana, wanda shi ne dodonta. Ta ce sunayensa na Turanci sun fi na magungunan asibiti wuyar faɗi. Sai na bi da ita ta gida.

"Yaya, in Inna ta ce ta kira ki sau dubu, da gaske dubun ne?"

"Ina fa! Bai fi biyu ba."

"To wannan kambamawa ke nan. In kin ce injin wanki ya tashi da fushi yau fa?"

"Ai yana fushin, ba ka san shi ba ne."

"Kin mai da shi mutum, mutuntarwa ke nan. In kin ce zani ya yi fari kamar auduga, kamance ne. In kuma kin same ni ina barci da rana kin ce mini sannu da aiki?"

"Gatse na yi maka, malalaci."

Kowanne na liƙa masa sunansa na Turanci. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe tun tana goye take zuba adabi ba a biyanta. Kafin wata ya ƙare ta fi ɗalibaina gane su.

Sai na yi mata gwaji da agogo, a nan na ga inda gizo ke saƙa. Akwai wata tambaya a kan waƙa da ta gagare ta. Yaya ta duƙufa a kanta, ta karanta, ta goge, ta sake karantawa, tana cizon biro. Lokaci ya ƙare ba ta ko taɓa rubutun insha'i ba, alhali shi ne mai maki da yawa. Ashe haka ta yi a zamanta na baya duka. Ba rashin sani ke kayar da ita ba, taurin kai ne.

Na koya mata ta karanta tambayoyi kafin ta karanta labarin da aka ciro su daga ciki, ta soke amsoshin da ko makaho ya san ba su ba ne, ta tsara insha'inta a gefe kafin ta fara, ta riƙa duban agogo. Duk ta karɓa. Da na ce in tambaya ta gagara ta tsallake ta, sai ta ɓata rai.

"In tsallake? Ni? Tun da nake ban taɓa barin aiki a baya ba. Wannan dabarar ragwaye ce."

Muka yi ta fama. Na yi lallashi, na yi fushi, har na ce mata in ta ga dama ta kwana a kan tambaya ɗaya. Ta ce in kiyaye harshena, ita ta yi mini wankan jarirai. Gaskiya tsoro ya kama ni, don jarrabawa ta ƙarato kuma na san abin da faɗuwa za ta yi mata.

Wata rana ta manta tabaraunta a wurina, na kai mata wurin aiki. Ɗakin ya cika da tururi da warin sabulu, injuna na ta gurnani. Na tarar tana ninke zannuwa, ga wani shuɗin bokiti a gindin famfo da zani a ciki.

"Wannan fa, Yaya? Kin manta da shi?"

"Wa ya manta? Tabonsa ya bushe. In na tsaya dirzarsa yanzu, marasa lafiya a kan katifa tsirara za su kwana. Jiƙa shi na yi. In na gama sauran zan dawo, lokacin ya yi laushi."

Na tsaya ina kallonta, ita ma tana kallona. Can sai ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Kai Auta, ka cika wayo," in ji ta. "To me ya hana ka ce in jiƙa tun farko? Ka tsaya kana tsallake, tsallake."

Daga ranar, duk tambayar da ta yi mata gardama sai ta zana ɗan bokiti da fensir a gefenta ta wuce.

Ranar jarrabawa na jira ta a bakin ƙofa. Ta fito cikin yaran da a shekaru ta isa ta haife su, fuska a murtuke.

"Insha'i fa?" na tambaya.

"Na rubuta har na duba shi. Uku na jiƙa, na dawo na wanke biyu. Ɗaya tana nan a bokiti aka karɓe takarda." Ta yi tsaki. Har muka isa gida tana mitar wannan ɗayar.

Da sakamako ya fito, ta ci. Ba wani ci na a-zo-a-gani ba, amma ya isa ya buɗe mata ƙofa. Inna ta rungume ta tana kuka, tana cewa mun cinye mata ƙuruciya, karatunta ya tafi a kanmu. Ni ma idona ya cika, don abin da ya daɗe yana cina ke nan.

Yaya ta share wa Inna hawaye da gefen mayafinta.

"Haba Inna, ki daina. Wa ya ce miki zubar da shi na yi? Aiki ne ya yi yawa a gabana, na jiƙa shi. Ga shi na gama sauran, na dawo kansa."