Yadda Sauda ta Shiga Motar Makaɗa

Sauda 'yar Zauro ce, sana'arta turara shinkafa. Shekara ashirin da shida tana auren Tamba, mai kalangu a ƙungiyar wani mawaƙi Sunusi, amma ba ta taɓa zuwa wajen wasansu ba. Waƙoƙin dai duk ta haddace, don a tsakar gida yake gwaji tana bakin murhu.

Da girma ya fara kama Tamba, sai kunnensa ya yi nauyi. Wata rana ya dawo daga biki a Gesse, ya rataye kalangu, ya zauna bai ko taɓa tuwo ba.

"Maigida, mi ya hwaru?" ta tambaya, bakinta dab da kunnensa.

"Na ɓata kiɗi, Sauda. Sunusi na waƙa, ni ina wani wuri daban. Har dariya anka yi min. Ba ni jin muryatai sai kamar daga cikin rijiya."

Ta tura masa kwanon gabansa. Washegari ta yafa mayafi, ta hau keke napep zuwa Birnin Kebbi, ta sami Sunusi a ƙofar gidansa.

"Ku ba ni wuri cikin mota," in ji ta.

"Haba Yaya Sauda, hanya da wuya hwa!"

"Na sani. Ku dai zaunar da ni inda zai gan ni. Ina jin waƙar, ina buga hannu a gwiwa, shi kuwa yana bi. Idonai lahiya lau yake."

Haka ta fara bin su. A tafiyar farko, zuwa Jega, an cusa ta tsakanin ganguna da lasifika, jiri ya hana ta sakat, har sai da aka tsaya mata sau biyu. Amma kiɗi bai ɓaci ba ranar. Kafin wata uku ta san wanda ba ya cin yaji a cikin makaɗan, ta san kuma wanda zai manta hularsa a masauki.

Bayan girbi manoman shinkafa suka gayyace su Argungu. Ana idar da la'asar fili ya cika maƙil. Sauda na kan benci a gaba, Tamba bai ɗauke ido daga hannunta ba. Da aka shiga waƙar noma, sai mata suka taso rawa, suka tare tsakaninsu. Ta ji kalangu ya fara tuntuɓe. Ta leƙa ta hango shi yana ta waige-waige, gumi na zuba.

Sauda, matar da ko a biki ba ta ɗaga murya, sai ga ta tsaye a kan benci, hannuwa sama, tana tafi. Matan suka ɗauka salon wasan ne, suka kama. Nan da nan duk filin ya ɗauka. Tamba ya ga ɗaruruwan hannuwa na haɗuwa lokaci guda, ya matse kalangu a hammata, ya saki kiɗin da Sunusi ya ce rabonsa da jin irinsa tun suna samari.

A hanyar komawa, rana na shirin faɗuwa, Tamba ya ce, "Wanga wasa shi ne na ƙarshe. Ina son in aje kiɗi yana da daɗi."

Ta gyaɗa kai, ta goge ido da bakin mayafi.

Yanzu a gida yake, yana ɗaure wa makaɗa fatar ganga. Sai dai duk lokacin da Sunusi zai yi wasa kusa, Sauda ce ke fara neman takalmi. Sukan zauna a sahun gaba kamar sauran jama'a, ita ta sayi rake, shi ya fere mata.