Sai Anka Kunna Hitilu

Yaran unguwarmu a Gwandu sun tashi da tatsuniyar kura da zomo, mu kuwa mun tashi da wani tsohon fim ɗin Indiya wanda ba mu taɓa gani da idonmu ba. Kakata, Inna Tumba, ita ta gan shi, sau ɗaya a rayuwarta, kuma a bakinta muka yi ta kallonsa har muka girma.

Ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta ta ɗora suyar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta da sunan taya ta ɓara, alhali rabin abin da muka ɓare cikinmu yake tafiya. Da damina takan jefa ɗanyen ganyen dogonyaro a wutar saboda sauro, hayaƙin ya sa mu hawaye tun labarin bai kai wurin kuka ba. Ɗakin nata ginin ƙasa ne, da wata 'yar taga mai kallon hanya. Kafin ta zauna sai ta kunna fitilar ƙwai ta ajiye a tagar nan. Mun buɗe ido mun ga ana haka, don haka ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Takan buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "An kashe hitilu." Mu amsa mata, "Mun yi kurum." Daga nan fim ya fara.

Wai akwai wata yarinya 'yar attajiri da ke zaune a saman bene a bakin kogi, ƙofar benen kullum da kwaɗo, ba a barinta ta sauko cikin mutanen titi. Inna ta raɗa mata suna Ta-Bene. Akwai kuma wani saurayi mai gyaran laima da ke wucewa ta ƙarƙashin tagarta yana tallan aikinsa. Ran nan laimar Ta-Bene ta karye, ta ɗaura mata igiya ta zuro masa, ya gyara, ta janye abarta. Washegari laimar ta sake karyewa. Jibi ma haka. Ashe da hannunta take lanƙwasa ƙarfen don dai igiyar nan ta sami abin da za ta kai ƙasa.

Inna ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, saboda haka ita ta sa musu magana a baki, kuma duk Indiyawan fim ɗin nan irin Hausarmu suke yi. Takan kumbura murya ta ce, "Sai yac ce mata, ke wagga yarinya, laimakki kullum ba ta da lahiya, ko aljannu ka kwana cikinta?" Sannan ta sirantar da murya ta kau da kai: "Ita ko tac ce, kai dai gyara, ina ruwanka da aljannuna?" In an zo wurin waƙa sai ta rera ta ta hanci, ba kalmomi, tana kaɗa kafaɗa, gyaɗa na ƙonewa a tukunya ba ta sani ba.

Ana nan sai tafiya ta kama mai laima zuwa ƙetaren kogi. Ya ce wa Ta-Bene ta riƙa ajiye fitila a taga, in ya dawo ya hango haske ya san tana nan. Ya shiga kwalekwale, ruwa ya kece, kogi ya cika ya batse. Da gari ya waye ba a ga komai ba sai laima tana yawo a kan ruwa. Ta-Bene ta tsaya a taga da fitila a hannu, ga kwaɗo a bayanta, ga kogi a gabanta. A nan Inna take sauke murya, ta sake buga ludayi ta ce, "Sai anka kunna hitilu."

"Sai me, Inna?" mukan tambaya, duk da mun san amsar.

"Sai ku tashi ku yi alwala, an kusa kiran lisha."

Ni dai ƙarshen nan yana ba ni haushi, don tun ina ƙarama ba na son abin da aka rufe. Na taɓa ce mata, "Ita Ta-Benen ba ta da ƙafa ne? Ta ɓalle kwaɗon mana." Inna ta ɗaga ludayi kamar za ta ƙwala mini, ta ce, "Ji min Dije sarkin gaggawa. Cewa anka yi ta tsaya, in ta tahi shi komo shi iske wa?" Na kwanta ranar ina ganin yarinyar nan tsaye har ta tsufa.

Sai da na yi wayo mahaifiyata ta gaya mini abin da ya sa fitila take tagar Inna. Kakanmu tela ne. Ya tafi neman aiki can Kurmi lokacin Inna tana da cikin mahaifina, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dangi sun ce ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Manema sun zo sun gaji sun koma. Kekensa na ɗinki yana nan a kusurwar ɗakin a lulluɓe da tsohon zane, tana sa masa mai kamar gobe za a hau. Ba ta faɗin sunan mijinta, irin kunyar mutanen da, sai dai ta ce "mai keke".

Shekaru suka ja. Na yi karatu, na yi aure, na zama malamar firamare a Kalgo. Mahaifina ya rasu, sauran jikoki kowa ya kama gabansa, gidan Gwandu ya rage daga Inna sai kaji. Bangon ɗakinta ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagar da hannuna yake shiga. Magini ya duba ya ce gyara ba zai yi ba sai an rushe, kuma damina mai ƙarfi ɗaya ta ishe shi. Na roƙe ta ta dawo wurina. Na yi lallashi, na yi fushi, na kai ƙara wurin liman. Amsarta ɗaya ce: "In na tashi, wa ka kunna hitila?"

Gaskiya na gaji. In hadari ya haɗo ina cikin aji, alli yana hannuna amma hankalina yana Gwandu, ina ganin bangon nan yana kwanciya a kanta. Duk ƙarshen mako ina kan hanya. Ita ta ɗaure kanta a ɗakin, ni kuma ta ɗaure ni da ita, kuma akwai ranakun da nake jin haushinta har in ji kunyar kaina.

Maƙwabciyata a Kalgo, Madam Rifkatu, mutuniyar Zuru ce, makarantarmu ɗaya. Ba abin da take so irin tsofaffin finafinan Indiya, waɗanda ba su da launi. Wata Asabar da la'asar na shiga ta yi mini kitso, ta kunna ɗaya a talabijin. Kaina yana sunkuye na ji wata waƙa da na sani tun ban san hagu da dama ba. Na ɗago da sauri har ta ja mini gashi. Ga laima nan tana saukowa a igiya.

Ban sake motsi ba. Komai yana nan yadda Inna ta faɗa, kwaɗon, kwalekwalen, laimar a kan ruwa. Da aka nuno yarinyar tsaye a taga da fitila, wani rubutu ya fito, na share hawaye na miƙe ina neman ɗankwalina.

"Ina za ki, Malama Hadiza?" in ji Rifkatu. "Ai hutu ne. Yanzu aka kai rabi."

Ta yi mini bayani cewa finafinan da suna da tsawo, sai a yanke su a tsakiya a kunna fitilu, mutane su miƙe ƙafa su sayi rake, sannan a ci gaba. Na koma na zauna. A rabi na biyu na ga abin da na roƙa tun ina yarinya: Ta-Bene ta ɓalle kwaɗon, ta sauko, tana bin gari gari da karyayyar laima tana leƙa fuskar duk mai gyaran da ta samu. Na kalla har ƙarshe. Abin da ya zo mini shi ne, kakata ta ɗauki hutu a matsayin ƙarshe, ta gina rayuwarta kaf a kan rabin labari. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji daɗi, don na ga na sami mabuɗin da zai fito da ita. Rifkatu ta tura mini fim ɗin a waya.

Washegari da yamma na isa Gwandu, gabas ta yi baƙi. Na zauna kusa da ita a bakin gado na kunna. Idonta ya yi rauni, sai ta kawo wayar dab da hancinta. Da waƙar ta taso kafaɗunta suka fara kaɗawa da kansu. Ta yi dariya ta ce, "Ashe haka take 'yar siririya. Ni na ƙara mata jiki." Haka ta yi ta gaisawa da su kamar 'yan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. Da aka zo wurin taga da fitila, sai ta kifa tafin hannunta a kan wayar.

"Kashe, Dije."

"Inna, ba ƙarshen ke nan ba. Hutu ne, akwai saura."

"Na sani," ta ce.

Na kashe. Ta gyara zama, ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba mu a bakin wuta ba. Tana amarya, mai keke yana shirin tafiya Kurmi, suka je Sakkwato gaida wata goggonsa, sai ya ce lallai sai ya nuna mata sinima. A lokacin matar aure ba ta shiga wurin. Ya sa mata babbar rigarsa, ya naɗa mata rawani, suka shige cikin maza suka zauna a benci, gidan ba rufi sai sararin sama. Da aka kai hutu aka kunna fitilu, ga wani mai rake ɗan Gwandu tsaye a gabansu, ya zuba wa ƙafarta ido, ita kuwa ƙafar ta sha lalle.

"Munka zuba da gudu, rawani na warwarewa," ta ce. "Sai da munka kai wani lungu yat tsaya, dariya ta hana shi magana. Yac ce, Tumba, wanga rabi na. Kada ki bari kowa shi hwaɗa miki sauran. In na komo mu zo mu gani tare."

"Fitilar fa? Shi ya ce ki riƙa kunnawa?"

"A'a. Wagga tawa ta. Wurin Ta-Bene nig gani."

Na zo da mabuɗi, ashe ƙofar ta ciki aka kulle ta. Ruwa ya sauko, ƙasa ta fara zubowa daga tsagar bangon a kan zanen keke. Ta miƙa hannu ta karkaɗe. Ta daɗe tana kallon tsagar, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abu guda za ni tambayakki, kada ki ƙara min komi bisa. Ta sabko?"

"Ta sauko, Inna."

"Hitilar hwa?"

"Tana hannunta."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To, ki nemo mota wadda ka iya ɗaukar keke."

Kafin mu tashi sai da ta shiga gidan maƙwabta ta bar sallahu: in wani dogon mutum ya zo yana cigiyarta, a ce masa tana Kalgo, bayan makarantar firamare. Ɗakin bai ga ƙarshen daminar ba. A gidana kuwa ta ƙi ɗakin da na gyara mata, ta zaɓi wanda muke ajiye buhuna, don shi ne tagarsa take kallon hanya. Muna da wutar sola, amma kullum magariba sai fitilar ƙwai ta hau tagar nan.

Ina yarinya na ɗauka haƙuri take koya mana. A ɗakin Rifkatu na ɗauka kuskure ne kawai. Yanzu ban san sunan da zan ba abin ba. Na fitar da ita daga ɗakin, ban fitar da ita daga jiran ba, kuma har yau ina jin haushin mutumin da ya bar yarinya da rabin labari ya tafi. Sai dai na gane cewa rabin nan da ba ta gani ba shi kaɗai ya rage tsakaninsu wanda bai ƙare ba. Ranar da ta ji ƙarshen, ranar za ta zama ba ta da abin da take ajiye masa. Shi ya sa ko a nan ban faɗi yadda aka ƙare ba.

Ta daina ƙuli-ƙuli, amma tana soya wa yarana gyaɗa a tsakar gida, tana ba su fim ɗin da muryoyinsa duka, kuma tana tsayawa inda ta saba. Kwanan baya 'yata Nana, wadda ta gado gaggawata, ta juyo gare ni ta ce, "Mama, ai ke kin gani a waya. Sai me ya faru?"

Inna ba ta ɗago ba, amma ludayin ya tsaya a cikin tukunya.

"Sai aka kunna fitilu," na ce. "Tashi ki yi alwala."