Gyaran Sabulu a Siton Gwarzo

Har yau idan na shiga kanti na ji ƙamshin sabulun wanki sai raina ya ɓaci. Wani sito yake tuna mini a Gwarzo, inda na yi aikin kwamfuta a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano.

Lokacin kowa ya tsuke bakin aljihu. Mai ya yi tsada, masana'antu a birni sai rufewa suke, wanda ya samu aiki ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ni na samu nawa a wajen wani Alhaji, wakilin wani kamfanin sabulu. Kayan da ke sitonsa na kamfani ne har sai an sayar, shi kamasho yake ci. A wajenmu masu tireda na Gwarzo da Kabo da ƙauyuka suke sari.

Sai kamfani ya kawo wata manhaja, mu dai sistem muke ce mata. Aikinta ta tara komai wuri guda. Katan ya fito daga inji a shigar da shi, an loda a mota a shigar, ya sauka a sitonmu ni in shigar, an sayar in cire. Ƙarshen mako in kwafe a faifai, direba ya kai Kano, a juye a babbar na'ura. Daga nan take sanin abin da ya rage a Gwarzo, ta sa a turo mota tun ba mu nema ba, ta gaya wa masana'anta yawan sabulun da za ta yi da manjan da za a sayo. Ba na ɓoyewa, abin ya burge ni. Ba ta mantuwa, ba ta son kai. Sai dai abin da ba a gaya mata ba, a wajenta bai faru ba, kuma duk cikinta babu gurbin gyara.

Gyara kuwa shi ne ya riƙe kasuwar Alhaji. Yana zaune a benci ƙarƙashin darbejiya da carbinsa, mai saye ya gama loda kaya a amalanke, sai ya ɗaga murya, "Baba, a yi masa gyara." Baba mai sito ya farke katan, ya miƙa wa mutumin 'yan sanduna. Ranar Juma'a kuma a aika wa liman, a aika gidan dagaci, duka da umarnin Alhaji. Don wannan ne mutanen Kabo suke tsallake wani wakilin su zo wajenmu.

Baba mai sito dattijo ne ɗan Gude, kullum a keke yake zuwa. Ba shi da komai sai sunansa, amma sunan ya kai. Da aka fara tara zakkar hatsi a garinsu, shi aka danƙa wa makullin ɗakin ajiyar ba tare da gardama ba. Yakan nuna mini makullan biyu a zare ɗaya, na sito da na zakka, yana murmushi.

Na tunkari Alhaji da maganar tun da wuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, gyaran nan ba shi da wuri a sistem. Kaya na fita, ita tana ganin suna nan."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai dai danna abinka, ɗan boko. Akwatin ƙarfe ne zai koya mini kasuwa?"

Na ba direba saƙo zuwa Kano, aka ce a gaya mini babu wani abu wai shi gyara a yarjejeniyarsu. Haka aka ci gaba, Alhaji yana kyauta da kayan mutane ana sa masa albarka.

Bayan 'yan watanni masu bincike biyu suka sauka daga Kano da takardar da na'ura ta buga. Suka wuni suna lissafa katan. Abin da ke ƙasa bai kai abin da ke takarda ba, giɓin kuma ba ƙarami ba ne. Suka ce in ba a samu bayani ba, kamfani zai karɓe wakilcin.

Ina tsaye na ga Alhaji ya dafe ƙirji yana salati. Ya ce, "Mutum ɗaya ne ke riƙe da makulli a nan."

Baba ya dube shi kamar bai ji daidai ba. "Alhaji, gyaran fa?"

"Wane gyara? Ka taɓa ganin ƙafata a cikin siton nan?"

Abin takaicin, wannan gaskiya ce, bai taɓa shiga ba. Daga benci yake ba da umarni. Na sa baki na faɗi abin da na sani tiryan-tiryan. Babban mai binciken ya saurare ni, sannan ya buga yatsa a takarda ya ce, "Malam, ni abin da ke sistem aka aiko ni in duba." Masu tiredan da suka sha gyara suna nan a bakin ƙofa. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, don gobe ma wajen Alhaji za su zo sari.

Kafin la'asar zance ya zaga gari, har 'yan ba-ni-na-iya sun fara maganar yanke hannu. Baba ko gezau. Ya ce, "A kai ni gaban alƙali. A ba ni Alƙur'ani in rantse, shi ma a ba shi." Nan ne na ga gumi ya karyo wa Alhaji.

Kashegari bayan sallar azahar Alhaji ya miƙe a masallaci. Ya ce shi zai cike wa kamfani giɓin, kuma saboda Allah da furfurar dattijon nan ya yafe masa duniya da lahira, ba zai kai shi kotu ba. Jama'a suka ɗauka, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji!" Wallahi ficewa na yi, na bar takalmina sai da na dawo. Wanda aka yafe wa a bainar jama'a, da wane baki zai ce bai yi ba?

Aka sallami Baba. A Gude ba wanda ya kira shi ɓarawo. Dattawa dai suka je har gida, aka gaisa, aka tambayi iyali da gona, sannan suka ce girma ya kama shi, ya kawo makullin zakka ya huta.

Shekara ba ta zagayo ba kamfani ya ƙara gurbi a sistem, wai kyautar talla, don sun lura tana jawo masu saye. Aka yaba wa Alhaji a taron wakilai cewa shi ya fara. Da hannuna na dinga shigar da gyaran nan, har na samu aikin koyarwa na bar wurin.

Daga baya na haɗu da Baba a kasuwar Kabo, ya kasa gyaɗa a bakin buhu. Ya rame, amma ya gane ni. Muka gaisa sosai, na ce ya auna mini kwano ɗaya. Ya auna ya juye mini a leda. Sai hannunsa ya koma cikin buhun da kansa, ya damƙo gyara, ya taho da shi. Ya tsaya da hannun a sama, ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya buɗe yatsunsa gyaɗar ta zube inda ta fito.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Na daina."