Kaset ɗin Yaya Bashir

Jama'a, yau na ga Yaya Bashir yana tsalle, kwana goma bayan rasuwarsa!

Bayan la'asar wani dattijo ɗan Labanon ya ƙwanƙwasa mana ƙofa a unguwarmu ta Ƙurban, nan ƙasa mai tsarki. Maƙwabcin Yaya ne a Ostireliya, inda yake karatu. Aikin Umara ya zo yi, ya daɗe a Makka, bai ji labarin haɗarin motar da ya yi ajalin Yaya ba. Yana ta murmushi ya miƙo min kaset ɗin bidiyo.

Ya ce, "Mabruk! Ƙungiyarmu ta ci wasan farko na bana. Bashir ya ce a ba Ummansa, ya fito a talabijin."

Na karɓi kaset ɗin. Umma ta jiyo daga ciki, ta yafa mayafi ta fito ta ce, "Hamza, shigo da baƙo, ka sa mana."

Na sa. Ƙwallon nan nasu ne mai kama da ƙwai, wanda ake cafewa da hannu. Umma ta sha yi wa Yaya faɗa a kansa, wai karatu aka tura shi. Ana tashi wasa sai aka hasko 'yan kallo. Ga Yaya! Ya rungume wani Bature yana ihu, hularsa ta faɗi!

Dattijon yana tafi, ni ina kuka. Nan ya gane. Ya yi salati ya zube ƙasa.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta matso gaban talabijin ta ce, "Ashe haka yake dariya a can. Mayar min baya."

Har yanzu ina mayarwa.