Mai Askin da Hannunsa Ya Fara Rawa

Baba Mai Aski kowa yake ce masa a layin, har sa'anninsa. Shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba: madubi mai tsaga a gefe, fanka mai kuka, kujeru biyu. Ɗaya tasa ce, ɗaya ta ƙaninsa, wanda suka yi shekara da shekaru suna aiki tare kafin Allah ya yi masa rasuwa bara.

Duk wanda ya zauna a kujerar Baba sai ya sauke abin da ke ransa. Wanda aka sallama daga aiki, wanda ɗa ya gagara, wanda ya kwana suna faɗa da matarsa. Baba ya saurara, ya ce "ashsha", ya karkaɗe masa gashin wuya, na gaba ya zauna.

Sai hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya yanki kunnen wani direba, mutumin ya dafe wurin ya ce, "Haba Baba, aski na zo yi, ba tiyata ba!" Aka yi dariya, amma daga ranar bencin jira ya fara zama ba kowa. 'Yarsa ta ga shagon zai mutu, ta ja shi asibiti. Aka auna jini, aka auna suga, ba a ga komai ba. Likita ya tura su ɗakin ƙarshe, wurin mai ba da shawara kan damuwa.

"Magana kawai ake yi a ciki?" in ji Baba.

"Magana kawai," in ji likitan.

"To ai sana'ata ce. Ni har gashi nake rage wa mutum."

Mai shawarar bai girmi 'yar tasa ba. Ya zauna suna kallon juna, ya ce, "Baba, yaya kake ji a ranka?"

"Lafiya lau, ɗana."

Zuwan farko a haka ya ƙare, na biyu ma haka. Baba ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya tambayi lafiyar iyali. A zuwa na uku sai ya miƙe tun bai ɗumama kujera ba.

"Ɗana, kar ka wahal da kanka. Ni in mutum ya zuba min ido, bakina kullewa yake. Duk hirar da na yi a duniya da ƙeya na yi ta."

Mai shawarar ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, ya ba shi baya. Baba ya tsaya yana kallo, sai ƙafa ta kai shi inda ta saba tsayawa, bayan ƙeyar mutum.

"Wa ya yi maka wannan askin?"

"Matata ce."

"Allah ya ba ta lada, amma ta daina."

Suka ɗan yi dariya. Da Baba ya sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Da, in yamma ta yi muna share gashi, duk abin da aka zuba min a kunne sai in juye wa ƙanina. Ya ce, 'Yaya, ai wannan shi ya jawo wa kansa,' mu yi dariya, in koma gida sakayau. Yanzu zuba min kawai ake yi. In ɗauki reza, mutum ya buɗe baki, sai in ji hannuna ya ƙi. Kowa cewa yake in yi haƙuri. Na yi. Na gaji ne kawai, ɗana. Kuma in na rufe shagon, gani nake kamar na sake binne ƙanina."

"Ina jin ka, Baba," in ji mai shawarar, bai waiwayo ba.

Baba ya ci gaba har ƙafafunsa suka yi tsami, ya jawo kujera ya zauna a bayan mutumin.

Da ya fito, 'yarsa ta miƙe tana duba hannun. Yana nan yana rawarsa.

"Me ya ba ka, Baba?"

"Bai ba ni komai ba. Mako mai zuwa ma zan dawo." Ya gyara hularsa. "Gobe ba zan buɗe shago ba, kwanciya zan yi. Jibi in na tashi da ƙarfi, sai ki raka ni mu buɗe."